Kunnenki na Dama, Uwata

Assalamu alaikum, Uwata.

Allah Ya kai ki Zariya lafiya, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa. Innarki na gaishe ki, ko da yake tana nan zaune gabana tana ɗaure maki kuka da daddawa, kuma gobe da bakinta za ta yi maki sallama a tashar Kankia. Takardar nan ƙarƙashin robar man shafawarki zan sa ta, don na san nan hannunki zai fara zuwa in kin sauka.

Kin san ni da baki na fi iyawa. To amma in na ɗauko zance da baki, sai na zaga da shi ta Rimaye kafin in dawo garinmu Ƙofa, kafin nan motarku ta tashi. Ga shi kuma sunan mahaifiyata Hauwa'u gare ki, akwai maganar da ba na iya faɗa ina kallon idonki. Shi ya sa na rubuta.

Shekaranjiya kina taya Innarki tsintar wake gindin darbejiya, kika ce, "Baba, can babu wanda ya san ni. Fata dai ba ta ɓoyuwa, kowa zai gani. Amma maganar kunne ba wanda zan gaya wa. Kar su ce mai kunne ɗaya ba ta iya aikin jinya, su koro ni." Na yi shiru, kika zaci na yarda. Ban yarda ba. Kunne ɗaya lafiyayye ya rage maki, na dama, kuma shirun nan da kike shirin yi shi ne ya taɓa kusa cinye shi. Bari in ba ki labarin yadda aka yi, da kurakuraina a ciki ɗaya bayan ɗaya, tunda ke kina ƙarama, rabin abin ba ki riƙe ba.

Ranar da aka haife ki, kin zo a naɗe cikin wata fata mai sheƙi, a ɗame, kamar an sa ki a leda. Da ta saɓule sai ta bar maki wadda kike da ita yau, mai bushewa ta tsage kamar ƙasar fadama in ruwa ya janye, ta dinga zuba a tabarma. Tsofaffin unguwa suka taru suka yanke hukunci: wai Innarki ta tsallake saɓar maciji tana da cikinki. Ni kuwa na ɗauka. Ban taɓa faɗa mata da baki ba, amma shekaru ina riƙe da abin a ciki, kuma mace ta san irin kallon da mijinta ke yi mata. Sai can baya likita ta tambaye ni, "Kai da mahaifiyarta 'yan'uwa ne?" Na ce ɗiyar kawuna ce. Ta ce to gado ne da ke kwance a jini, rabi daga gare ta, rabi daga gare ni, sai sun haɗu yake fitowa. Maciji dai ya fita daga zargi, ni na shiga. Da muka dawo na ba Innarki haƙuri, ta ce, "Malam, ai da ka tambaye ni. Ni da ko igiya na gani a hanya sai na canza hanya." Don haka abu na farko: in ciwo ya zo, kar ki ɓata lokaci neman mai laifi. Shekarun da na yi ina neman wanda ya jawo, da neman magani na yi su, da an fi cin riba.

Fatar kuwa mun iya da ita, wannan ba yabon kai ba ne. Hajjo, Bafulatanar nan mai kawo mana nono daga rugarsu, ita ta fara ajiye maki man shanu sabo, wanda ba a soya ba. Safe da yamma Innarki na jiƙa ki da ruwa, ta murza a hankali, ta shafe ki tun daga tsakar ka har tafin ƙafa. Mun shafa wuya, mun shafa bayan kunne, mun shafa tsakanin yatsu. Abin da bai taɓa zuwa wa kowa a rai ba shi ne fata ba ta tsayawa a bakin kunne, shiga take har ciki. Wadda ke saɓulewa a hannu tana zuba ƙasa a share. Wadda ke saɓulewa a cikin kunne ba ta da inda za ta je. Nan take taruwa, ta haɗu da dattin kunne, ta daskare.

Kina shekara bakwai kika fara zuwa kina cewa, "Baba, kunnena na ci na." Sai na yi maki abin da ubana ya yi mani, shi ma ubansa ya yi mashi: na fizgi gashin zabuwa, na tsoma a man gyaɗa mai ɗumi, na juya maki a ciki. Kin ji daɗi kwana biyu. Ashe tura abin nake ciki, kamar mai danna auduga a buhu. Da ciwon ya ƙi, ranar kasuwar Kankia na ɗora ki a keke muka je wurin Ɗanjuma wanzami, wanda ya yi mani aski tun ina da gashin da za a aske. Yana da wani tsinken ƙarfe mai ɗan kai kamar cokali. Ya juya kunnenki na hagu wajen rana, ya leƙa, ya yi dariya.

"Malam Sule, wannan ai ba ciwo ba ne, ajiya ce. Yarinyar nan rumbu ta gina a kunne. Riƙe mani kanta."

Na riƙe. Da hannuwan nan biyu da nake rubutu da ɗaya daga cikinsu, na danne kanki a kan gwiwata. Ya shiga, ya ƙwaƙulo kaɗan, ya ƙara shiga. Kika yi wata ƙara, har mai sayar da tukwane na gefe ya miƙe tsaye. Jini ya biyo tsinken.

"Madalla," in ji Ɗanjuma, "mugun jinin ne ya fita."

Na yi mashi godiya, Uwata. Har addu'a na yi mashi. Na saya maki ƙosai, kika riƙe shi a hannu har gida ba ki ci ba. Makonni kunnen na zubar da ruwa, muna toshewa da auduga. Dodon kunnen ne ya huda. Ba na ɗora wa Ɗanjuma, abin da ya gada ya yi, kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Ni na kai ki.

To ki ji na biyu. Babu abin da zai shiga kunnenki sai a hannun likitan kunne. Ba ashana, ba murfin biro, ba fil ɗin hijabi, ba tsinken audugar nan na kanti da 'yan birni ke ganin wayewa ce. Shi ma gashin zabuwa ne, sai dai an sa shi a kwali. In ƙaiƙayi ya taso ki zauna kan hannunki. In wata ƙawa ta ce kakarta na da wani ganye da ake matsewa a ɗiga, ki ce mata ta gaishe da kakar.

Kuskure na uku shi ya fi kunya. Bayan wanzami kin daina kuka da kunne. Ni kuma na ɗauki shirunki a matsayin waraka. Har a majalisa bayan la'asar nake ba da labari cewa hannun Ɗanjuma na da albarka, na tura mashi mutum biyu. Da kika fara ƙin amsa kira, sai na ce girman kai ne ya fara tsiro maki. Wata rana a gona na kira ki sau uku ki miƙo mani gora, kina tsugune kin ba ni baya kina wasa da ƙasa. Na karyo tsumagiya na zuba maki biyu. A fatar da mu da kanmu muke lallaɓawa safe da yamma. Kin juyo kina kallona, ba ki san laifinki ba. A makaranta kuma malami ya mai da ke layin baya saboda yara na ƙorafin ɓawon da ke zuba a benci. Daga can me za ki ji? Sakamako ya zo, kin koma can ƙasa, na ce to, wannan ba ta boko ba ce.

Hajjo ce ta ƙwace ki daga hannuna. Wata hantsi ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida tana auna wa Innarki nono, ta tambaye ki ina kwana, kika matso kina kallon bakinta. Ta ajiye ludayi ta juyo kaina.

"Kaɗo, kai dai gero ka sani. Gero ba shi da kunne, shi ya sa."

Na ce, "Hajjo, da safen nan me na yi maki?"

Ta ce, "Mu in maraƙi ya dinga karkata kai yana ba ka gefe ɗaya, ba mu dukansa. Kama shi muke mu duba kunne, kaska ce ta shiga. Ɗiyarka tun bara take ba ni kunnen dama in ina magana. Bana ko daman ba ta ba ni, bakina take kallo. Kana gida ɗaya da ita ba ka gani ba?"

Ta jawo ki ta ce da ƙarfi, "Yana ciwo?" Kika dube ni, kika dube ta, kika ce a'a.

"Tashi ka ba mu wuri," in ji Hajjo. A gidana fa. Na tashi na koma zaure kamar baƙo. Daga can na ji kukanki. Innarki ta fito ta same ni, ta ce kin faɗa: damina biyu ke nan kunnen dama na yi maki zugi kamar ana kaɗa ganga a ciki, amma kin ce in kika faɗa, Baba zai mai da ke wurin mai tsinke.

Kin gani? Ba da shirun nan aka haife ki ba. Ni na koya maki shi a kan gwiwata a kasuwar Kankia. Shi ne yanzu kike son ki ninke ki sa a jaka ki tafi da shi Zariya, kina ce mashi dabara. Kayana ne, ki bar mani abina a gida.

Washegari muka je asibiti a Kankia, suka duba suka ce ba nasu ba ne, suka ba mu takarda zuwa Katsina. Can muka sami likitar kunne, wata 'yar siririya da na zaci ɗaliba ce aka aiko ta share ofis, har na tambaye ta yaushe likitan zai zo. Ta ce ya zo, shi kake tambaya. Ta haska kunnen hagu ta daɗe tana kallo.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Wanzami."

"Wa ya kai ta?"

"Ni."

Ta juya ta haska na daman, kuma da zagina ta yi da ya fi mani sauƙi. Ita ta gaya mana sunan ciwon fatar, iktiyosis, na sa ta rubuta mani don harshena ya ƙi ɗauka. Ta ce masu shi ba su da yawa, kuma da yawansu kunne na ba su wahala kamar haka, ba ke kaɗai ba ce. Ta ce na hagun ya huje, jin da zai dawo kaɗan ne. Na daman kuwa lafiyarsa lau, toshewa kawai ya yi, sai ɗan kumburi. Ta ba mu maganin ɗigawa na kwanaki don abin ya yi laushi, a daman kaɗai. Da muka koma ta zaunar da ke, ta nuna maki wani siririn bututu mai tsotso, ta fara sa maki shi a tafin hannu don ki ji ba ya cizo. Ta ce, "In ya yi zafi ki ɗaga hannu, zan tsaya." Kin ɗaga sau biyu, sau biyun ta tsaya. Ina ganin nan kika fara sha'awar farin kaya.

Abin da ta ciro ta ajiye a kan farin ƙyalle, tsawonsa ya kusa ƙwallon dabino, baƙi, mai tauri. Na sunkuyo na ce maki, "Uwata, ya kika ji?"

Kika toshe kunne da hannu kika ce, "Baba, ka rage murya mana. Duk asibitin na jin ka."

Likita ta yi dariya, Innarki ta yi dariya har da hawaye. Shekara biyu ina yi maki ihu ban sani ba, ya zama mani murya. A mota kin hana kowa sakat: mene ne ke ƙara a ƙarƙashin kujera, me ya sa hijabi ke magana in an juya kai. Da muka iso Ƙofa kika tsaya a ƙofar gida kika ce maƙwabta na daka, kuma mutum biyu ne, ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi. Aka leƙa, haka ne. Ranar na yanka zakara, na aika wa Hajjo cinya. Ta aiko a gaya mani Kaɗo ya fara hankali.

Da na ce maki daga nan na shiryu, da na yi ƙarya. Likita ta ce mu dinga komawa duk wata uku a share, ko da ciwo ko babu. Na kai ki sau ɗaya, na kai ki sau biyu, sai damina ta kankama. Na ce yarinya na ji, har abin da ba a so ta ji tana ji, me za mu je yi? Muka tsallake ɗaya, muka tsallake biyu, har muka daina zuwa gaba ɗaya. Ana saura 'yan makonni jarrabawarku ta gama firamare abin ya dawo. Amma wannan karon ga abin da ya faru, kuma ina so ki tuna da shi in kin manta. Ina tsakiyar noma na hango ki tafe ta cikin gero, da rana tsaka, ke da ba ki gumi, zafi ke kayar da ke. Kika tsaya gabana kika ce, "Baba, ajiye fartanya. Kunnena ya fara. Katsina za mu." Na ajiye. A kunyar geron da na tsaya nan fartanyar ta kwana.

Likita ta dube ni ta ce, "Baba, kai manomi ne. In ka yi noman fari, ka gama da ciyawa ke nan har kaka?" Na ce a'a, akwai maimai. Ta ce to fatar nan kullum fita take, ba ta san an share jiya ba. Tun daga ranar na ɗaure tafiyarki da aikin gona don kar in ƙara mantawa: in ruwan shuka ya sauka, in an fara yankan gero, in sanyi ya tsaya, in bazara ta yi tsakiya. Sau huɗu. Har mutanen gari sun riƙe, in an yi ruwan fari sai ka ji ana ce mani, "Malam Sule, an shuka, saura Katsina." Wannan yarinyar da ta ratso gero ta tsayar da ubanta, ita nake so ta sauka a Zariya.

Ki duba abin da kunnen nan ɗaya ya yi. Ke da kanki kika je wurin hedimasta kika ce a dawo da ke layin gaba, ta hannun hagun aji don kunnen dama ya fuskanci malami, kuma za ki dinga share bencinki da kanki. Aka dawo da ke. Shekarar ba ta ƙare ba kika wuce waɗanda suka yi ƙorafin ɓawo, har suna zuwa gida ki koya masu lissafi, suna zama a tabarmar da a da ba su taka ta. Kin sauke Alƙur'ani, malaminku na cewa ke ce mai kama kuskuren wasali daga ƙarshen zaure. Kin gama sakandare a Kankia. Ranar da sunanki ya fito a makarantar jinya, tsohuwar da ta fara kawo zancen maciji ita ta fara rangaɗa guɗa, ta ce ita dama tun ranar suna ta ga alama. Na ce haka ne, Gwaggo, kin gani ƙwarai. Duk wannan ba da ɓoyo kika same shi ba. Kowane mataki, sai da kika buɗe baki kika ce ga abin da ke damuna, ga abin da nake so a yi.

Sauran ƙananan kin fi ni sani, amma uba ba ya barin su. Na hagun kar ki bari ruwa ya shiga, kar kuma wani ya ɗiga mashi komai ko ya wanke shi da sirinji, ko da mai farin kaya ne, sai ya san a huje yake. Iyafis ɗin da ƙawayenki ke cusawa su yini da shi, ba naki ba ne. Abin sauraren ƙirjin nan da za a rataya maki a wuya, shi ma cikin kunne yake shiga, kuma kullum za ki sa shi. Ki tambayi likita yadda za ki yi da shi tun kafin ya fara danna maki abin ciki. In kin ji zugi, ko ruwa, ko muryar mutane ta fara nisa, ranar za ki je, ba bayan jarrabawa ba.

Maganar kora kuwa, ban san dokar makarantarku ba, ba zan yi maki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Na dai tambayi likitarki zuwanmu na ƙarshe, ta ce ita ba ta ga abin da zai hana ki aikin ba muddin na daman na samun kula, kuma ta rubuta takarda ta sa hannu, tana cikin ambulan ɗin takardunki. Ki kai wa shugabar ajinku ita a makon farko, kanki a ɗage. In sun karɓa, alhamdu lillahi. In ma suka ƙi, ki dawo mani da kunnenki lafiya mu nemi wata makarantar. Makaranta na da yawa a ƙasar nan. Kunnen kuwa ɗaya ne, kuma wata rana wani mara lafiya zai yi nishi a ƙarshen ɗaki, ya zama ke kaɗai ce a kusa.

Na hagun, ban taɓa roƙon ki gafara a kansa ba. Na yi ta jira ki girma, da kika girma kuma na yi ta jin nauyi. Ki yafe mani, Uwata.

Ga sharaɗina, kuma Innarki shaida ce. In kin sauka za ki kira ki ce kin isa, zan ce madalla, amma ba zan ɗauka ba. Kafin ki nemi kasuwa, kafin ki san inda ake sayar da awara, ki nemi asibitin da ke da likitan kunne, ki yanki kati, a ba ki rana. Sannan ki kira ni ki gaya mani sunan likitan da ranar da ya ba ki. Kafin nan, duk wanda ya tambaye ni a masallaci ko Hauwa'u ta isa Zariya, zan ce mashi tana hanya.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sanyaya maki rana, Ya tausasa maki zukatan malamanki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa. Allah Ya kiyaye maki jinki har tsufa. Ya kuma gaggauta isar da ke, don kin san mutanen Ƙofa da tambaya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sule, Ƙofa